Keken Larai a Gidan Iya Gaji

"A hankali, Sagiru. Ƙafar nan walda ce ke riƙe da ita."

Sagiru ya sauke teburin keken ɗinkin daga baro, ya ja shi zuwa ɗan ɗakin da ke jikin zaure, sannan ya koma ya rungumo kan keken kamar mai ɗauko jariri. Ko ƙarfe tara ba ta yi ba, amma gumi ya jiƙa masa shadda tun daga wuya har gadon baya. Larai tana tsaye hannu a ƙugu tana kallonsa. Ba ƙafar keken ce ta dame ta ba, gumin nan ne. Shekararta goma sha tara a Yalwawa, ta san Sagiru tun yana yawo da majina, kuma ba ta taɓa ganin ya ɗaga abin da ya fi wayarsa nauyi ba.

"Ga amanarki nan, Anti, ko ƙwarzane babu," ya ce yana share goshi. "Jiya an gama hoton Iya Gaji lafiya lau. Yau naki ne. In sun zo ki zauna a kan keken, su ɗauki hoto, shi ke nan. Kar ki ja su da dogon zance, ma'aikatan nan ba sa son yawan tambaya."

"Nawa zan ba ka na baro?"

"Haba Anti. Ai don Allah nake yi."

Ya tura baronsa ya fice. Da ya ce ɗari biyar, da hankalin Larai ya kwanta.

Mako uku ke nan da Sagiru ya shigo layin da jaka cike da fom, ya ce gwamnati ta fito da tallafi ga masu sana'ar hannu, teloli da masu markaɗe da masu zoɓo, kowa zai samu kuɗin jari. Shi ya cike wa mata fom ɗin da hannunsa, don da Turanci aka rubuta shi. Shi ya ɗauki hoton katin ɗan ƙasa, shi ya kai takardun ofis a babur ɗinsa da mansa. Bai karɓi ko sisi ba. Matan layi suka yi ta sa masa albarka, har wata ta ce ashe yaron nan ya shiryu. Larai dai ta ja bakinta. A saninta banza ba ta kai zomo kasuwa. Ta juya maganar a ranta ta kowace fuska, yadda take juya yadi tana neman inda ya yi tabo, ba ta gano inda ribarsa take ba, kuma rashin ganowar ne ya fi hana ta sakewa.

Ta tambayi mijinta Muntaka, wanda yake masinja a sakatariya. Ya ce shirin gaskiya ne, ya ga takardarsa manne a bango. To me za a bayar, kuma bisa wane sharaɗi? Wannan kam bai sani ba. Shi masinja ambulan yake ɗauka, ba a ba shi labarin abin da ke ciki.

Da don ta ita ce, da ba ta dangwala yatsa a fom ɗin ba. Gwiwoyinta ne suka sa ta. Shekara goma sha tara tana taka wannan baƙin keken, yanzu in ta yi riga biyu sai ta dafa bango za ta miƙe. Likita ya gaya mata ba ɓoye-ɓoye, in ba ta bar taka keke ba, nan da shekara ko sallah sai a zaune. Ga masu kawo mata ɗinki suna zarewa ɗaya bayan ɗaya, suna komawa wajen samarin kasuwa masu keken lantarki. Ta riga ta yanke a ranta, ranar da jarin ya shigo hannunta, keken lantarki za ta saya. In bai shigo ba, ɗinki ya ƙare mata, kuma ita ban da ɗinki ba ta iya komai ba.

Sai kuma maganar aro ta taso. Da aka ji cewa jami'ai za su bi gida gida su ga kayan sana'ar kowa da idonsu, sai layin ya yi abin da ya saba. A wannan layin babu abin da yake na mutum ɗaya. Tsanin gidan liman ya hau rufin kowa. Babbar tukunyar Rukayya mai zoɓo ta dafa shinkafar sunan rabin yaran unguwa. Ita kanta Larai, rariyar da take tankaɗe da ita ta Iya Gaji ce, ta aro ta shekara shida da suka wuce, ba ta mayar ba, ba a kuma tambaya ba. Don haka da Sagiru ya ce wadda ba ta da kayan sana'a ta aro na maƙwabciya a yi hoto, babu wadda ta ga laifi a ciki. Firizar Rukayya sai da ta kwana a gida huɗu.

Iya Gaji da kanta ta zo aron keken, tana dogara sanda. Tsohuwa ce mai daddawa, idonta ko ramin allura ba ya gani, balle ta zura zare. Bangon ɗakinta ya tsage tun daminar bara har hannu yana shiga, ga bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas. Kuɗin ginin take nema. Ita ce ta karɓi Larai ranar da aka kawo ta amarya daga Kiyawa, ita ta yi mata wankan jego a haihuwa huɗu, tana tashi da asuba ta hura wuta. Da wane baki Larai za ta ce mata a'a? Abin da ta iya kawai shi ne ta tambayi Sagiru ko keke ɗaya zai yi wa mutum biyu. Ya yi dariya, ya ce baƙin keke ai duk kamarsu ɗaya, kuma jami'in da zai je gidan Iya daban, wanda zai zo nata daban.

Yanzu ga keken ya dawo. Ta ɗaura bel, ta ɗiga masa mai, ta ja durowar teburin za ta ɗauko almakashi, sai ta tarar da ƙullin daddawa a ciki. Tukwicin aro ne. Ta yi murmushi duk da nauyin da ke ƙirjinta, ta mayar da durowar.

Wajen sha ɗaya aka yi sallama. Mace ce doguwa, da lema a hannu ɗaya, ɗayan kuma da wata waya mai faɗi kamar allo. Ta ɗora rigar aiki mai ruwan ɗorawa a kan atamfarta, ga ɗan gicciye a sarƙar wuyanta. Ta ce sunanta Martha Bot, daga hukumar da ke kula da shirin. Hausarta tas, sai ɗan karin harshen mutanen Filato da bai gama barinta ba. Larai ta ba ta kujera da ruwan randa, tana lura da yadda idon baƙuwar yake yawo a ɗakin, daga ƙyallayen da ke ƙasa zuwa igiyar da aka rataye ɗinkakkun kaya.

"Malama Larai Muntaka, tela. Shekara nawa kina ɗinki?"

"Goma sha tara."

"Kowa haka yake ce mini. Jiya wata ta ce ashirin, da na ce ta nuna mini inda ake sa zare sai ta ce kanta yana ciwo."

Martha ba ta ce a zauna a yi hoto ba. Sunkuyawa ta yi, ta goge wani ɗan fili a gindin kan keken da yatsa, ta karanta lambar da aka buga a jikin ƙarfen, ta shigar da ita a wayar. Larai ta shekara goma sha tara tana goge wurin nan, ba ta taɓa ɗauka lambar tana da wani amfani ba. Wayar ta yi ɗan ƙara. Martha ta sake shigar da lambar, ta sake yin ƙarar. Sai ta ɗago ta dubi Larai da irin kallon da Larai take yi wa Sagiru.

"Malama, keken nan na wane ne?"

"Nawa ne."

"A nan an rubuta na Gaji Abdulƙadir ne. Abokin aikina ya yi masa rajista jiya da yamma." Ta juyo da wayar. Ga Iya Gaji nan zaune a kan keken, ta sha sabon kallabi, ta ɗora hannu biyu a kan teburin kamar mai jiran a zuba mata tuwo, ƙafafunta ko kusa da abin takawar ba su kai ba. "Kin aro na tsohuwa ke nan. Ba ke kaɗai ba ce, kar ki ji kunya. Zan rubuta ba a samu kayan aiki ba, in wuce."

Kunya ba ta kama Larai ba, ranta ne ya ɓaci. Ita da ta zargi kowa a kan maganar nan, yau ita ake wa kallon maƙaryaciya a ɗakinta, a gaban kekenta. Ta dubi rigar aikin Martha, ta ga aljihun ya yage an kama shi da fil.

"Madam, ciro rigar nan ki ba ni."

Martha ta cire ta miƙa mata. Larai ta zauna, ta zaɓo zare mai ruwan ɗorawa, ta zura shi tun daga sama har ramin allura ba tare da ta sunkuya ba, ta taka. Keken ya ɗauki kukansa. Kafin Martha ta gama shan ruwanta an mayar da aljihun, an bi shi layi biyu, har an kama bakin hammatar da ya fara warwarewa. Da Larai ta zo miƙewa, gwiwarta ta yi ƙara, sai da ta dafa bango.

Martha ta juya rigar ciki da waje. Ta daɗe tana dubawa.

"Ki yi haƙuri," ta ce. "Kekenki ne. Ke kika ba da aro."

Martha ta ɗauko wayar, ta ci gaba.

"To ga yadda abin yake. Keke ɗaya, mutum ɗaya, kuma wanda ya riga rajista shi ke da shi. In kin bar maganar a haka, sunanki ya fita, na Gaji ya tsaya. In kuma kin sa hannu a takardar shaida cewa keken naki ne, aro aka yi, za a cire sunanta, ba za ta sake shiga shirin ba, naki ya tsaya. Ni ba ni da hanya ta uku."

Larai ta dubi durowar da daddawar take ciki. Ta tuna hayaƙin asuba da tafasasshen ruwa da hannun Iya a gadon bayanta. Ta ji hawaye na neman zuwa, ta mayar da su. Gwiwa dai tata ce, za ta san yadda za ta yi da ita.

"A bar mata," ta ce. "Tsohuwa ce, ɗakinta zai faɗi. Allah ya sa dai kuɗin su isa ginin."

"Wane kuɗi?"

"Kuɗin tallafin."

Martha ta ajiye wayar a cinyarta. "Wa ya ce muku kuɗi ake bayarwa? Ba a ba kowa ko naira. Tela keken lantarki ake ba shi, da faifan sola da batir, don ko ba wuta ya yi aiki. Kuma rance ne. Duk wata za ki biya wani abu har shekara biyu. Wanda ya ƙi biya, a bi shi ta lambar bankinsa, a kuma kai sunansa wurin mai unguwa. Duk yana rubuce a fom."

Keken lantarki da sola. Abin da Larai take kwana tana tashi da shi ke nan, ashe shi ne a cikin ambulan ɗin. Amma ba wannan ne ya tsaya mata a rai ba tukuna.

"Madam, tsohuwar da ba ta gani, yaya za ta yi ta ɗauko keke daga ofis?"

"Akwai gurbin wakili. Mai fom yana iya rubuta wanda zai karɓar masa." Martha ta shafa fuskar wayar, ta karanta. "Nata Sagiru Muslim." Ta sake shafawa. "Naki ma Sagiru Muslim." Ta ci gaba da shafawa, goshinta yana tattarewa. "Mutum goma sha ɗaya a layin nan, duk shi ne wakili."

Larai ta koma ta zauna a hankali. Mako uku tana neman tabon da ke jikin yadin nan, ga shi an shimfiɗa mata shi a rana. Zai karɓo kayan, ya kai su inda zai kai, ya dawo ya damƙa wa kowace mace 'yan kuɗi ya ce ga tallafin gwamnati, a yi ta sa masa albarka. Bayan wata biyu takardar biya ta iso da sunan Iya Gaji. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ta faɗa wa Martha haka.

"Zai yiwu," in ji Martha. "Zan rubuta a rahotona. Amma zama wakili ba laifi ba ne, kuma bai sayar da komai ba tukuna. Ban da hujja, ke ma ba ki da ita. Sunansa ba ya fita daga fom sai mai fom ɗin ta ce a cire da bakinta."

"Ki ba ni zuwa la'asar."

Martha ta duba agogo, ta mayar da rigarta. "Ina da gida tara a layin baya. Zan biyo kafin in koma ofishinmu a Takur."

Larai ta zura hijabi ta tsallaka gidan Iya Gaji. Ta same ta a inuwar bangon da ya tsage tana tsince kalwa, an tokare bangon da itace biyu. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta yi godiyar daddawa, sannan ta kwashe labari duka ta faɗa mata, ba ta rage komai ba. Iya tana ji, hannunta bai bar tsintar ba.

"Yaron nan ya gaya mini," ta ce daga ƙarshe. "Ya ce za a zo mini da maganganu iri iri, in toshe kunnena. Ban dai zaci daga gidanki za su fito ba."

"Iya, bashi ne. Jami'ar da bakinta ta faɗa."

"Bashin gwamnati? Ke yarinya ce. Tun mai gidan nan yana da rai aka ba su taki aka ce rance ne, har ya koma ga Allah ba wanda ya zo tambaya. Gwamnati in ta ce rance, kunya take ji ta ce kyauta."

"Wancan zamani ne da ba lambar banki, Iya. Kuma ba kuɗi za a ba ki ba, keke ne, shi kuma Sagiru zai karɓa."

"To ya karɓa mana. Ya sayar ya kawo mini abin da ya samu. Ni keke zan ci?"

Ta wannan gefen Larai ba ta shirya ba. Ta gyara durƙuso, gwiwar tana sukarta.

"Ga wata shawara. Ki sa a cire sunansa a sa nawa. Keken ya zo da sunanki, ni in yi aiki da shi, ni in riƙa biya duk wata. Bangon kuma ni da maigidana mu san yadda za mu yi kafin ruwa ya sauka."

Sai a lokacin Iya ta tsayar da hannunta. Ta juyo da idanunta masu yana wajen Larai.

"Ashe keken kike so."

"Iya..."

"Da kin faɗa tun farko, da ba ki wahalar da bakinki ba. Ki ce Iya, abin da za a ba ki ya fi ƙarfinki, ni ya dace da ni. Shekara saba'in da wani abu gwamnati ba ta taɓa sanin ina duniya ba, yau da ta rubuta sunana, ke za ki ce a juya shi gidanki. Bango kuma ban kawo miki kuka ba. Ban fara bara ba tukuna."

Maganar ta soki Larai, kuma abin da ya sa ta soke ta shi ne akwai gaskiya a ciki. Tana son keken. Tana son sa har cikin ƙashinta. Ta yi sallama ta fito, Iya ba ta ce ta gaida gida ba.

Sagiru yana zaune a bencin mai shayi a gindin darbejiya, inda yake hango ƙofar kowa. Yana ganinta ya taso da fara'arsa, ya rage murya.

"Anti, na ji an samu 'yar matsala. Wallahi ban san da maganar lamba ba. Ki janye kawai, zagaye na biyu yana nan tafe, ke zan sa a farko."

"Wa ya sa ka wakilina?"

Fara'ar ba ta gushe ba, idon ne kawai ya tsaya. "Don in hutar da ku layin ofis. Mata da tsofaffi, ga rana."

"Keken in ka karɓo, gidan wa za ka kai?"

"Anti, kowa zai samu rabonsa. Kar dai a ce ke kika zubar wa tsohuwa da nata. Kin san bakin mutanen layin nan."

Ta san shi kuwa. Ta wuce shi ta shige gida.

Ta yi azahar, ta kasa cin abinci. Ta kira Muntaka, ya ce yana hanyar kai takarda, ta yi abin da ta ga ya dace, amma ta tuna Iya uwa ce. Wannan ai ba shawara ba ce, mayar mata da kayanta ya yi. Ta zauna a gaban keken ta rasa abin da ke mata daɗi. In ta yi shiru, ta rasa sana'arta, Iya ta samu 'yan kuɗin da ba su kai rabin keken ba, da bashin shekara biyu a wuyanta. In ta sa hannu, Iya ta tsira daga bashin, amma bango yana nan a tsage. To in kuma Iya ce da gaskiya fa? In ba wanda zai taɓa zuwa tambaya? In Sagiru, a karon farko a rayuwarsa, da gaske don Allah yake yi? Ta zargi gwamnati, ta zargi Sagiru, ta zargi jami'a kafin ta zauna. Yanzu zargin ya gama zagaye layi ya dawo kanta. Ta tambayi zuciyarta, don Iya za ki yi ko don gwiwarki? Zuciyar ta ce duka biyun, ta ƙi raba mata su.

Ana kiran la'asar Martha ta dawo, fuskarta ta yi jawur da rana. Ta ce ta biya gidan Gaji Abdulƙadir ta karanta mata sharuɗɗan da Hausa, tsohuwar ta ce ta ji, kuma wakilinta yana nan yadda yake.

"Kin yanke?"

"Kawo takardar."

Martha ta karanta mata ita layi layi. Larai ta sa ta maimaita wuri biyu, ta tambayi ma'anar kalma ɗaya, ta sa aka goge sunan Sagiru daga fom ɗinta tana kallo. Sannan ta dangwala babban yatsanta. A wannan karon ta san abin da ta dangwala wa. Ta zauna a kan keken aka ɗauki hoto, Martha ta ce ta ɗan saki fuska, ta kasa.

Kafin a fito daga sallar la'asar labari ya gama layi, kuma ba sai an tambayi wanda ya raba shi ba. Rukayya, da ta kawo atamfa biyu shekaranjiya, ta aiko a karɓar mata su ba a ɗinka ba. Matar liman ta wuce ƙofar zauren tana duban wani wajen. Larai ta ji muryar wata a bayan katanga tana cewa wai mutum ya ci amanar wadda ta yi masa wankan jego saboda keke. Ba wadda ta ambaci Sagiru. Dama zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa.

Rana ta yi sanyi tana tsakar gida tana tankaɗen garin tuwo, sai ta ji ƙarar sanda a zaure. Wani ɗan daɗi ya kama ta. Ta ajiye komai ta miƙe da sauri har gwiwar ta yi ƙara. Tun da Iya ta tako da ƙafarta, ko faɗa ta zo yi, ai faɗa magana ce. Za ta zauna a ƙasa ta sha faɗan, gobe ta sa Muntaka ya nemo magini.

Iya Gaji ta tsaya a bakin ƙofar tsakar gida, ba ta ƙarasa shigowa ba. Larai ta shimfiɗa mata tabarma, ta durƙusa.

"Sannu da zuwa, Iya. Bismillah, zauna."

"A'a, ba zama zan yi ba." Muryarta a kwance take, ba fushi a ciki, irin muryar da take yi wa masu sayen daddawar da ba ta sani ba. "Rariyata na zo karɓa, in kin gama da ita."

Larai ta dubi rariyar, rabin garin yana ciki. Bakinta ya taɓa ɓallewa shekara uku da suka wuce, ita ta ɗinke shi da zaren buhu. Ta juye garin da ba a tankaɗe ba a cikin wanda aka tankaɗe, ta kakkaɓe rariyar, ta goge ta da gefen zaninta, ta miƙa da hannu biyu.

Iya ta karɓa, ta shafa bakin har yatsanta ya tsaya a kan ɗinkin. Ta ɗan jima a wurin. Sannan ta saƙale rariyar a hammata, ta juya, ƙarar sandarta tana raguwa a zaure. Larai ta daɗe a durƙushe kafin ta tuna da tukunyar da ke kan wuta. A daren nan gidan Muntaka tuwo mai tsaki aka ci, kuma ba wanda ya tambayi dalili.